Sojan Da Ya Dawo Daga Yaƙi Yana Da Hakkin A Saurare Shi

A garuruwan ƙasar Amurka, manya da ƙanana, akwai waɗansu ƙungiyoyi na hidimar jama'a inda 'yan kasuwa da likitoci da lauyoyi da malaman makaranta sukan taru, galibi sau ɗaya a mako, su ci abinci tare, su tattauna al'amuran garinsu, kana su tara kuɗi domin ayyukan taimako. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Rotary, wadda wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa a birnin Shikago cikin 1905. Bayanta aka kafa Kiwanis cikin 1915, da Lions cikin 1917. Ita Rotary ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin tun cikin 1961 aka buɗe rassanta a Kano da Ikko. Al'adar waɗannan ƙungiyoyi ce su gayyaci baƙo ya yi musu jawabi a kan abin da ya sani. Bayan da Amurka ta shiga yaƙi a Afganistan cikin 2001 da kuma Iraƙi cikin 2003, sau da yawa baƙon nan yakan kasance ɗan garin ne da kowa ya sani, watau sojan ko-ta-kwana wanda aka kira daga wurin sana'arsa aka tura shi fagen fama, ya dawo yana ba da labarin abin da ya gani.

Mai kallo daga nesa zai iya ɗaukar wannan zama tamkar hira ce ta bayan cin abinci. Alhali kuwa akwai babban al'amari a cikinsa, domin a irin wannan wuri ne jama'ar gari take jin bayanin yaƙin da aka yi da sunanta, da kuɗin harajinta, da jinin 'ya'yanta, daga bakin wanda ya je ya gani. Duk al'ummar da ta aika ɗanta yaƙi a wata ƙasa, nauyi ne a kanta idan ya dawo ta zauna ta saurare shi har ƙarshe, mai daɗin da marar daɗin, sa'an nan ta yi aiki da abin da ta ji.

Kafin a ci gaba, ya kamata a bayyana ko wane ne sojan ko-ta-kwana. Shi mutum ne farar hula mai sana'arsa, wataƙila direban babbar mota, ko malamin asibiti, ko ɗan sanda, ko makanike, wanda ya sa hannu a kan yarjejeniya da rundunar soja. Bisa tsohon tsari yakan halarci horo ƙarshen mako ɗaya a kowane wata, da kuma mako biyu a cikin shekara. Sauran lokaci yana gidansa tare da iyalinsa. Amma ranar da gwamnati ta bukace shi, sai ya rufe shago ko ya ajiye aiki, ya sa kaki, ya tafi inda aka ce, ko da kuwa zai shekara bai dawo ba. Ke nan ya bambanta da sojan da aikin soja ne kaɗai sana'arsa, wanda yake zaune a bariki da iyalinsa nesa da idon jama'a. Tafiyar sojan ko-ta-kwana takan bar gurbi a tsakiyar gari, a makaranta da kasuwa da ofis, inda kowa zai gani.

Wannan tsari yana da tarihi. Cikin 1965, sa'ad da Shugaba Lyndon Johnson ya ƙara yawan sojojin Amurka a Biyetnam, ya ƙi ya kira sojojin ko-ta-kwana, ya gwammace a riƙa ɗibar samari aikin soja na tilas, domin kada hankalin jama'a ya tashi. Yaƙin ya ci rayukan Amurkawa fiye da 58,000, ya kuma raba kan ƙasar. Da aka daina ɗibar samari ta tilas cikin 1973, sai aka sake fasalin rundunar, aka danƙa wa sojojin ko-ta-kwana da yawa daga cikin ayyukan da yaƙi ba ya yiwuwa sai da su, kamar su jigilar kaya, da tace ruwan sha, da aikin asibiti, da tsaron fursunoni. Ana danganta wannan dabara ga Janar Creighton Abrams, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1972 zuwa 1974. Abin da ya biyo baya shi ne, ba dama gwamnati ta shiga wani babban yaƙi ba tare da ta ƙwanƙwasa ƙofar gidajen talakawa a garuruwa da ƙauyuka ba. A yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991 an kira sojojin ko-ta-kwana fiye da 200,000, a cikin 2005 kuwa kimanin kashi 40 cikin 100 na sojojin Amurka da ke Iraƙi irinsu ne.

Da yake kowace ƙungiyar sojan ko-ta-kwana daga yanki ɗaya ake tara mutanenta, idan masifa ta auka mata gari guda take girgizawa. Misali, akwai wata ƙaramar ƙungiya ta masu tace ruwa daga garin Greensburg na Jihar Pennsylvania, mai mutum 69. Ba su cika mako guda da sauka a Saudiyya ba, ran 25 ga Fabrairu, 1991, wani makami mai linzami na Iraƙi ya faɗa wa masaukinsu a Dahran, ya kashe sojoji 28, daga ciki 13 'yan wannan ƙungiya ne, waɗansu 43 nata kuma suka ji rauni. Mutanen wannan yanki ba su bukaci jarida ta gaya musu tsadar yaƙi ba, domin maƙwabtansu ne aka kawo a cikin akwatuna. Saboda haka idan ƙungiyar gari ta kira wanda ya tsira ya yi mata bayani, bashi ne take ƙoƙarin biya.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. Sanarwar gwamnati takan faɗi yawan garuruwan da aka kama da yawan abokan gaba da aka kashe. Wanda ya kwana a cikin rami shi ne zai faɗi ko kayan aiki sun isa, ko abinci yana zuwa a kan lokaci, ko mutanen ƙasar da aka ce an je ceto suna murna da zuwan baƙin ko kuwa suna ƙyamarsu. Bugu da ƙari, sojan ko-ta-kwana ya fi sojan bariki sakin baki, domin abincinsa bai rataya ga ƙarin girma a soja ba. Cikin Disamba 2004, a wani sansani a Kuwaiti, wani ƙaramin soja daga rundunar tsaron Jihar Tennessee mai suna Thomas Wilson ya miƙe a gaban dubban 'yan'uwansa ya tambayi Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld dalilin da ya sa suke tonon juji suna neman tarkacen ƙarfe don su yi wa motocinsu sulke. Wannan tambaya guda ta sa duk ƙasar ta ɗauki zancen ƙarancin motoci masu sulke.

To, amma fa sauraro iri biyu ne. Akwai wanda ake yi don a ji abin da ake so a ji, a tafa, a ɗauki hoto, a miƙa wa baƙo kyauta, kowa ya kama gabansa yana jin ya sauke nauyi. Akwai kuma wanda ake yi don a san gaskiya, ita kuwa gaskiya ɗaci gare ta. Labarin Joseph Darby ya isa ishara a kan wannan. Shi ma sojan ko-ta-kwana ne, a cikin wata ƙungiya ta 'yan sandan soja daga yammacin Jihar Maryland, wadda aka ba tsaron gidan kurkukun Abu Guraib kusa da Bagadaza. Cikin Janairu 2004 ya miƙa wa masu bincike na soja hotunan da ke nuna yadda waɗansu abokan aikinsa suke azabtar da fursunoni 'yan Iraƙi suna wulakanta su. Hotunan suka fito duniya cikin Afrilu, aka gurfanar da waɗansu sojoji gaban shari'a aka ɗaure su. Da sunansa ya bayyana, da yawa daga mutanen yankinsu suka ɗauke shi maci amana, har sai da hukuma ta ba shi da matarsa tsaro, zaman garinsu kuma ya gagare su. Cikin 2005 aka ba shi lambar jaruntaka ta tunawa da Shugaba Kennedy, amma lamba ba ta mayar wa mutum da garinsu. Jama'ar da ke maraba da soja idan ya kawo labarin nasara, ta juya masa baya idan ya kawo labarin abin kunya, ba ta saurare shi ba tukuna.

Haka kuma cikakken sauraro ba ya tsayawa a kan wahalar da soja ya sha shi kaɗai. Amurka ta yi hasarar sojoji kusan 4,500 a Iraƙi daga 2003 zuwa 2011, amma fararen hula 'yan Iraƙi da aka tabbatar sun mutu sun haura 100,000, makaman ƙare dangi da aka kafa hujjar yaƙin a kansu kuwa ba a same su ba. Ƙungiyar da ta san abin da take yi za ta tambayi baƙonta halin da ya bar mutanen can a ciki, domin su ma iyaye ne da 'ya'ya, kuma da sunan masu sauraron aka shiga ƙasarsu.

Bayan ji sai aiki. Mutanen da ke zaune a irin waɗannan ƙungiyoyi su ne masu kantuna da masana'antu da ofisoshin da sojan zai koma neman abinci. Cikin 1994 Majalisar Amurka ta kafa doka wadda ta tilasta wa mai ba da aiki ya mayar da ma'aikacinsa kan aikinsa idan ya dawo daga hidimar soja. Amma doka ba ta iya tilasta wa kowa ya yi haƙuri da mutumin da ba ya iya barci, ko wanda ƙarar buga ƙofa take firgita shi, ba ta kuma iya mayar wa mai ƙaramin shago da abokan cinikin da suka watse a bayansa. Wannan sai maƙwabta, su kuwa ba za su yi ba sai sun ji daga bakinsa sun fahimta.

Wannan duka labarin Amurka ne, amma yana da inda ya taɓa 'yan Arewa mazauna biranen Kudu. Ko da yake sojojin da Nijeriya ta riƙa aikawa waje sojojin bariki ne, ba na ko-ta-kwana ba, ƙasar ta daɗe tana tura 'ya'yanta yaƙi a ƙetare, kuma shaidar haka tana nan a bakin hanyar da jama'a ke bi kullum. Duk mazaunin Ikko ya san Barikin Dodan da ke kusa da Obalende, inda shugabannin mulkin soja suka zauna har zuwa 1991. Ya san Barikin Myohaung da Barikin An a Yaba, da Barikin Arakan da na Tamandu a Apapa. Mazaunin Sabo a Ibadan kuwa maƙwabcin Barikin Letmauk ne da ke Mokola. Waɗannan sunaye ba Yarabanci ba ne, ba kuma Turanci ba. Sunayen wurare ne a ƙasar Burma inda sojojin Afirka ta Yamma, na Runduna ta 81 da ta 82, suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1943 da 1945. A watan Janairu 1945 ne suka kama garin Myohaung. Dubban waɗannan mayaƙa daga Arewa aka ɗebo su, harshen Hausa kuma shi ne ya daɗe yana zama harshen bariki a rundunar Nijeriya ta zamanin Turawa.

Mutum nawa ne cikin masu wucewa ta ƙofar waɗannan barikoki suka san haka? Dalilin rashin sanin shi ne, da mazajen nan suka dawo, labarinsu ya tsaya a zaure da bakin kasuwa, ba a tara jama'a an saurare su ba, ba a kuma rubuta ba, sai kaɗan ƙwarai. Ɗaya daga cikin kaɗan ɗin shi ne Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo, wanda aka harbe shi a kwarin Kaladan cikin 1944, wani manomi Musulmi ɗan ƙauyen wurin ya ɓoye shi tare da wani abokinsa ɗan Saliyo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san idan Japanawa suka gane ransa ne a bakinsa. An buga labarin Fadoyebo cikin 1999, shi kuma ya rasu cikin 2012. Da bai ɗauki alƙalami da kansa ba, da wannan labari ya bi shi kabari, kamar yadda na dubban takwarorinsa na Kano da Katsina da Bauci da Borno ya bi su.

Bayan samun mulkin kai ma ba a daina tafiya ba. Sojojin Nijeriya sun yi aiki a Kwango daga 1960 zuwa 1964, da Tanganyika cikin 1964, da Labanan daga 1978 zuwa 1983, da Cadi, sa'an nan Laberiya tun daga Agusta 1990, da Saliyo, da Darfur ta ƙasar Sudan tun daga 2004, da Mali cikin 2013. Cikin 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya bayyana cewa Nijeriya ta kashe kimanin dala miliyan 8,000 a aikin kiyaye zaman lafiya a Afirka ta Yamma. A Haskanita ta Darfur, cikin Satumba 2007, 'yan tawaye sun auka wa sansanin sojojin Tarayyar Afirka, bakwai daga cikin waɗanda aka kashe 'yan Nijeriya ne. Idan kuwa ana neman sanin abin da rashin sauraro yake haifarwa, sai a tuna da Akure. Cikin Yuli 2008 waɗansu sojoji da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka fito kan titi suna kukan an tauye musu kuɗin alawus. Cikin 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai, daga baya aka rage zuwa shekara bakwai. Ba wanda zai goyi bayan soja ya karya dokar aikinsa, amma lalle kukan da ya rasa kunnen da zai shiga, wata rana a kan titi za a ji shi.

A nan ne ƙungiyoyin 'yan Arewa na Kudu suke da rawar takawa. A Agege da Idi-Araba da Mil 12, a Sabon Ibadan da na Shagamu, a Ama Hausa ta Owerri, da unguwannin Hausawa na Anaca da Inugu da Fatakwal, akwai sarakunan Hausawa da majalisunsu, akwai ƙungiyoyin mahauta da 'yan goro da dillalan shanu da direbobi da 'yan canji, akwai kuma ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya masu taimakon kai da kai. Aikin da suke yi, na kai marar lafiya asibiti da sallamar baƙon da guzuri ya ƙare masa da sasanta rikici, shi ne dai aikin da Rotary take taƙama da shi, ko da yake babu tuta babu otal. Kuma a cikin waɗannan unguwanni akwai tsofaffin sojoji da yawa, waɗansu suna gadi a ƙofar gidaje da kamfanoni, waɗansu suna ƙaramin ciniki, ana wuce su kullum ba a san sun taka Monrobiya ko Firitawun ba. Daɗin daɗawa, babu wanda ya fi ɗan ci-rani cancantar fahimtar mutumin da ya bar iyalinsa ya tafi ƙasar da ba ya jin harshenta, ya dawo ya tarar yara sun girma ba su san shi ba.

Ba shakka za a sami masu ja. Wani zai ce soja yana ƙarƙashin rantsuwa, bai kamata ya tona asirin aiki ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya fi dacewa a fara da waɗanda suka yi ritaya, ta hannun Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya wadda aka kafa cikin 1964, wanda ke bakin aiki kuwa sai da iznin shugabanninsa. Bayan haka, yunwa da zazzaɓi da kewar gida da halin mutanen da aka tarar ba asirin soja ba ne. Wani kuma zai ce tuna baya yana fama tsohon miki. Amsa ita ce ba a tilasta wa kowa, kuma kada a yi wa baƙo tambayar rashin ta-ido irin ta mutum nawa ya kashe. Wanda ya yarda ya yi magana, a bar shi ya faɗi iyakar abin da zuciyarsa za ta ɗauka. Na uku zai ce 'yan siyasa za su mai da taron dandalin neman ƙuri'a. Maganin wannan yana hannun shugabannin ƙungiya, watau su tabbata ranar ta baƙo ce, kujerar gaba tasa ce, mai riga babba kuma ya zauna cikin masu sauraro.

Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. Kowace shekara ran 15 ga Janairu hukuma takan yi bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tattabaru, sa'an nan a watse sai baɗi. Ya kamata kowace ƙungiya ta keɓe zama ɗaya a cikin wannan wata, ta nemo tsohon soja ɗaya daga unguwarta, ta shimfiɗa masa tabarma a gaban manya da samari. A sa ɗalibai biyu su rubuta abin da ya faɗa, ko su ɗauki muryarsa da wayar hannu idan ya amince, a ajiye a wurin sakatare. Kafin a tashi, a tambaye shi halin da fanshonsa yake ciki, da lafiyarsa, da karatun 'ya'yansa, a kuma tambayi inda matan abokansa da ba su dawo ba suke, domin a san wanda za a sa a cikin jerin masu karɓar taimako. Idan akwai takardar da ta maƙale a wani ofis, a wakilta masu ilmi daga cikin ƙungiya su bi sawunta.

Mayaƙan Burma sun kusa ƙarewa, na Kwango sun tsufa ƙwarai, waɗanda suka sauka Laberiya cikin 1990 suna samari kuwa yau furfura ta cika musu kai. Duk wanda ya rasu a cikinsu ba a ji daga bakinsa ba, ya tafi da wani yanki na tarihin ƙasar nan wanda babu mai iya mayarwa. Saboda haka ana kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi na biranen Kudu da su sa wannan magana a cikin abin da za su tattauna a zamansu na gaba, tun masu labarin suna da rai da ƙarfin ba da shi.